Daga Gasasshen Burodi Zuwa Caffa: Tarihin Kalmar "Toast" a Harshen Ingilishi

Akwai kalmomin da kan wahalar da mai fassara ba don tsaurinsu ba, sai don al'adar da ta haife su ba ta da takwara a harshen da yake juya magana zuwa cikinsa. Kalmar Ingilishi "toast" tana daga cikinsu. Ɗalibin da ya buɗe ƙamus zai tarar an ba ta manyan ma'anoni biyu waɗanda a ido babu abin da ya gama su. Ta farko ita ce yankan burodi da aka gasa har ya yi ja ya ƙandare. Ta biyu kuwa ita ce al'adar nan ta wurin liyafa, inda wani kan miƙe tsaye ya ambaci sunan mutum ko ƙasa ko wani buri, sa'an nan jama'a su ɗaga kofunansu su kurɓa gaba ɗaya don girmamawa. Ganin haka sai a zaci kalmomi biyu ne da suka yi gamon katar a rubutu, kamar yadda garin zama da garin tuwo suka yi a boko. To, ba haka abin yake ba. Kalma ɗaya ce, kuma hanyar da ta bi daga bakin murhu zuwa teburin sarakuna tana nuna cewa abin da ke cikin kofin ba shi ne jigon al'amarin ba. Jigon shi ne sunan da aka ambata a bainar jama'a, da wanda ya yarda ya ɗaga kofi, da wanda ya ƙi.

Asalin kalmar

Tushen kalmar Latinanci ne, daga aikatau "torrere", watau a busar da abu da zafi ko a babbaka shi. Abin da aka yi wa haka shi ne "tostus". Daga nan tsohon Faransanci ya sami "toster", ma'ana gasawa, Ingilishi kuma ya ara daga Faransanci, kamar yadda ya ari ɗimbin kalmomin girki da na fada bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066. An fara ganin ta a rubuce-rubucen Ingilishi wajen ƙarshen ƙarni na 14 a matsayin aikatau, kafin ta zama sunan gasasshen burodin kansa a ƙarni na 15. Masu nazarin dangantakar harsunan Indiya da Turai sun nuna cewa saiwarta ɗaya da "thirst", watau ƙishirwa, da kuma "terra" ta Latinanci, watau busasshiyar ƙasa. Duk dai maganar bushewa ce. Kalmar da ta ƙare a kan sha, ashe daga rashin ruwa ta faro.

Yadda burodi ya shiga kofi ba abin mamaki ba ne ga wanda ya saba tsoma burodi a shayi ko gurasa a romo. Mutanen Ingila na wancan zamani sukan gasa burodi, su barbaɗa masa sukari da kayan ƙamshi irin su citta da gyaɗar ƙamshi, su jefa shi cikin giyar sha'ir ko ta inabi, musamman wadda aka ɗumama lokacin hunturu. Burodi ya yi laushi, abin sha kuma ya sami ɗanɗano. A wasan kwaikwayon Shakespeare mai suna The Merry Wives of Windsor, wanda aka fara bugawa a 1602, bayan an ɗauki Falstaff cikin kwandon wanki an juye shi a kogi, abin da ya fara nema shi ne a kawo masa giyar inabi a saka masa toast a ciki. Babu ɗan kallo na lokacin da zai ɗauka jawabi yake nufi. Burodi yake nufi.

Kafin kalmar ta hau teburi

Ita al'adar sha da sunan wani ta girmi kalmar nesa ba kusa ba. Girkawa da Romawa sukan zuba wa gumakansu wani abu daga kofi kafin su sha, sukan kuma miƙa wa juna kofi da fatan alheri. A Ingila tsohon lafazin shi ne "wassail", wanda asalinsa gaisuwa ce mai ma'anar "ka kasance lafiya". Geoffrey na Monmouth, a littafinsa na tarihin sarakunan Birtaniya da ya rubuta da Latinanci wajen 1136, ya ba da labarin yadda 'yar Hengist, shugaban baƙin Sakson, ta durƙusa ta miƙa wa Sarki Vortigern kofi da wannan gaisuwa. Sarki bai ji harshenta ba, sai da tafinta ya bayyana masa abin da ta ce da kuma amsar da ake mayarwa. Masana tarihi ba su dogara da Geoffrey, domin littafinsa ya fi kusa da tatsuniya. Duk da haka abin lura ne cewa labarin da Ingilishi suka riƙa a matsayin mafarin al'adar, da tafinta a cikinsa.

A ƙarni na 16 da na 17 sunan abin shi ne "health", watau lafiya. Akan ce an sha lafiyar wane. Kuma ba wasa ba ne, domin da zarar wani ya ambaci lafiyar sarki ko ta wani babba, wajibi ne kowa ya amsa, ya shanye abin da ke kofinsa, wani lokaci ma a tuɓe hula ko a durƙusa. Wanda ya ƙi, ya ci mutuncin wanda aka ambata da wanda ya ambata. Wannan tilas ita ce ta fusata masu ra'ayin tsarkake coci da ake kira Puritan. A 1628 wani lauya daga cikinsu, William Prynne, ya wallafa littafi sukutum mai suna Healthes Sicknesse, inda ya kafa hujja cewa al'adar gadon maguzanci ce, kuma tarko ce da ke jan mai kamun kai zuwa maye ba da son ransa ba. 'Yan'uwansu da suka yi ƙaura zuwa Massachusetts a Amurka sun kafa dokar hana ta a 1639, amma suka soke dokar a 1645 da suka ga ba ta biyuwa. Shi kansa Sarki Charles na Biyu, da ya koma gadon mulki a 1660, ya fitar da shela yana kuka da mutanen da ba su da wata shaidar biyayya gare shi sai zaman gidajen giya suna shan lafiyarsa. A duk wannan ce-ce-ku-ce, lafiya ake cewa. Toast tana nan a matsayinta na burodi.

Yadda mace ta zama "toast"

Sauyin ya bayyana ne wajen 1700, kuma ba a kan jawabi ya fara ba, a kan mutum ya fara. Toast ta zama sunan kyakkyawar macen da maza kan sha da sunanta. William Congreve ya yi amfani da kalmar da wannan ma'ana a wasansa The Way of the World na 1700, inda ya yi shaguɓe da macen da yayinta ya wuce aka daina ambatonta, kuma bai tsaya yin bayani ba, alamar ke nan 'yan kallon Landan sun riga sun san ta.

Mujallar Tatler, wadda Richard Steele ya kafa a 1709, ta kawo labarin da har yau ake maimaitawa, a fitowarta ta 24. Wai a zamanin Charles na Biyu, a garin Bath mai maɓuɓɓugan ruwan zafi, wata shahararriyar kyakkyawa tana cikin kwamin wanka, sai ɗaya daga cikin masu sonta ya ɗebi ruwan da take tsaye a ciki ya sha da sunanta. Wani kuma da ya ɗan bugu ya ce shi ruwan bai dame shi ba, burodin da ke ciki yake so, ya yunƙura zai faɗa. Labarin yana da daɗi, amma daɗinsa ne ya kamata ya sa manazarci ya yi hattara. Tatler mujallar raha ce da hannunka-mai-sanda, kuma ta ba da labarin ne shekaru da dama bayan lokacin da aka ce abin ya auku. Amfaninsa na gaskiya shi ne ya nuna yadda mutanen 1709 suka fahimci kamancen: mace a cikin ruwa kamar burodi a cikin kofi. Bayanin da masu ƙamus suka fi karkata gare shi ya fi sauƙi, watau cewa ambaton sunan macen yana ƙara wa abin sha armashi kamar yadda gasasshen burodi mai kayan ƙamshi yake yi.

Ƙungiyoyin manyan Landan, musamman wadda ake kira Kit-Cat, sun mayar da abin tamkar sarauta. Akan zaɓi macen da za ta zama toast, a zana sunanta da lu'ulu'u a jikin tambulan, a haɗa da 'yan baitocin yabo. Ita kuwa wadda ake yi dominta ba ta wurin, domin zaman na maza ne zalla. Sunanta ne ke yawo a teburi, kuma darajarta a kasuwar aure da ta zumunci takan hau ko ta sauka gwargwadon yadda ake ambatonsa.

Daga nan kalmar ta yi ta faɗaɗa. Ta tashi daga mace ta koma kan duk wanda aka ambata, namiji ko sarki ko runduna. Sa'an nan ta tashi daga wanda aka ambata ta koma kan ambaton kansa, watau kalmomin da aka furta da ɗaga kofin. Kafin tsakiyar ƙarni na 18 har an sami "toastmaster", mutumin da aikinsa shi ne shelanta wanda za a ambata bi da bi, kusan matsayin sanƙira. A halin nan burodin ya riga ya fara fita daga kofi, ya bar sunansa a baya. Mai jin Hausa ba zai rasa misalin irin wannan tafiya ba. Goron sallah da goron albishir sau da yawa kuɗi ne, goron gayyata kuwa yana iya zama kati ko saƙon waya. Goro ya tafi, suna ya zauna, domin abin da ake nufi tun asali shi ne alakar da goron ya ƙulla.

Kofi a matsayin caffa

Inda tarihin kalmar ya fi nauyi shi ne fagen siyasa. A 1688 aka kori Sarki James na Biyu, ɗan ɗarikar Katolika, ya tsere Faransa, 'yarsa Mary da mijinta William na Holan suka hau gadon. Waɗanda suka ci gaba da biyayya ga James da zuriyarsa su ne ake kira Jacobite, daga sigar sunansa ta Latinanci, da Hausa sai a ce Yakubawa. Shan lafiyar korarren sarki a fili laifi ne da ya kai mutane gaban alƙali. Ƙin sha da sunan sarki mai ci kuwa tona asirin kai ne. Sai suka sami dabara. In an ce a sha da sunan sarki, sai mutum ya gitta kofinsa ta saman kwanon ruwa kafin ya kai baki, a zuciyarsa yana nufin sarkin da ke ƙetaren ruwa. Baki ya faɗi abin da hukuma ke so, hannu ya warware. Bayan 1702 suka ƙara wata. A shekarar ne dokin William ya yi tuntuɓe, aka ce da tulin ƙasar da wata 'yar dabba mai kama da jaba ta tono, sarki ya faɗi ya karye a ƙashin wuya, bai daɗe ba ya rasu. Sai Yakubawa suka riƙa sha da sunan ɗan ƙaramin bawan Allah mai baƙar rigar karan-miski, watau ita dabbar.

Magoya bayan William a Ailan su ma suna da tasu, ta tunawa da shi bayan rasuwarsa, kuma ta zama ma'aunin gane namu da bare. Abin ya kai har Peter Browne, bishop na Cork, ya yi rubutu a 1713 yana cewa sha don tunawa da mamaci kwaikwayon jibin Ubangiji ne na coci, saboda haka saɓo ne. Abokan hamayyarsa ba su ɗauki maganar a matsayin ta addini ba, sai suka zarge shi da ƙin William.

Amurkawa sun gaji al'adar suka mayar da ita hanyar shela. Bayan samun 'yanci, a bukukuwan 4 ga Yuli akan jera toast goma sha uku daidai da adadin jihohin farko, a tsara su tun kafin ranar, jaridu kuma su buga su kamar yadda ake buga ƙudurorin taro. Mafi shahara ita ce ta 13 ga Afrilu, 1830, a liyafar tunawa da haihuwar Thomas Jefferson a Washinton. Ana cikin rikicin harajin kaya na 1828, inda 'yan siyasar Karolina ta Kudu ke da'awar cewa jiha tana da ikon soke dokar tarayya a cikin iyakarta. Kowa yana jiran ya ji inda Shugaba Andrew Jackson ya dosa. Da aka zo kansa sai ya ɗaga kofi da sunan Tarayya, ya ce wajibi ne a kiyaye ta. Mataimakinsa John C. Calhoun, wanda shi ne uban waccan da'awa, ba shi da yadda zai yi sai ya miƙe ya sha. Da nasa ya zo sai ya mayar da martani, ya ce Tarayya abin ƙauna ce, amma bayan 'yanci. Jimloli biyu suka bayyana ɓarakar da ke tsakanin shugaba da mataimakinsa, kuma a Disamba 1832 Calhoun ya ajiye muƙaminsa.

Saura da me ya rage a Birtaniya shi ne abin da suke kira "loyal toast", watau ambaton mai sarauta a ƙarshen cin abinci a taron hukuma ko na soja. Ƙa'idarsa gajarta: sunan sarautar kawai ake faɗa. Hafsoshin sojan ruwa suna da izinin yin ta a zaune, abin da ake dangantawa da gajartar rufin jiragen dā. Suna kuma da ta kowace rana ta mako, kuma a 2013 aka sauya ta ranar Asabar daga ambaton mata da 'yan mata zuwa ambaton iyali, saboda mata sun daɗe da shiga aikin. Tsaurin ƙa'idar ya fito fili a Mayu 2011 a fadar Buckingham, lokacin da Shugaba Barack Obama ya ambaci Sarauniya Elizabeth a tsakiyar jawabinsa. Makaɗa suka ɗauka ya kammala, suka soma taken ƙasa, shi kuwa ya ci gaba da magana a kan kiɗa, ya ɗaga kofi ba wanda ya taya shi sai da take ya ƙare.

Akwai wani bayani da ya yaɗu cewa ana karo da kofuna ne don abin shan wannan ya fantsama cikin na wancan, kowa ya tabbata ba a sa masa guba ba. Babu wata tsohuwar shaida da ta goyi bayansa, kuma ko a hankalce, wanda ya taɓa gwada haɗa tambulan biyu ya san ƙasa ce za ta sha mafi yawa.

Rassan baya-bayan nan

Ya kamata a rarrabe toast da "cheers", domin ɗalibai kan gwama su. Ta farko sunan aikin ce, ta biyu kuwa lafazin da ake furtawa ne in ba a tsaya dogon jawabi ba. Ita ma daga tsohon Faransanci ta fito, daga kalmar da ke nufin fuska, ta koma yanayin fuska, ta koma fara'a, ta koma sowa, sai a farkon ƙarni na 20 ta zama gaisuwar masu sha. A Birtaniya ta wuce nan ma, har ana faɗinta a madadin godiya ko sallama.

Ita kuwa toast, bayan ta bar burodi sai ta fara barin kofin ma. "Toast of the town" shi ne wanda gari ke yayi, kuma da wannan suna shirin talabijin na Ed Sullivan ya fara a 1948. Ƙungiyar Toastmasters, wadda Ralph Smedley ya kafa a Kalifoniya a 1924, koyar da magana a gaban jama'a ce aikinta, babu ruwanta da abin sha. A Jamaika "toasting" shi ne zuba magana mai kari a kan faifan da ke juyawa, yabon kai da zuga 'yan rawa, salon da U-Roy ya shahara da shi wajen 1970, wanda kuma ake lissafawa cikin tushen kiɗan hip-hop. Mai jin Hausa zai ga ya fi kusa da kirari da aikin maroƙi. Reshe ɗaya ne ya koma bakin murhu: a karin maganar Amurkawa, in an ce mutum ya zama toast, to tasa ta ƙare, ya ƙone ƙurmus. Fim ɗin Ghostbusters na 1984 ne ake dangantawa da yaɗuwar wannan. Saboda haka "the toast" da "toast" tsirara, a kan mutum ɗaya, yabo ne da halaka.

Wasu harsuna sun ari kalmar da ma'anarta ta liyafa. Faransanci ya karɓe ta a ƙarni na 18, watau abin da ya ba da aro yana gashi ya dawo masa yana jawabi. Jamusanci da Rashanci ma sun ɗauka. Larabci kuwa yana da tasa, "nakhb".

A Ingilishin Nijeriya da Burokanci kalmar ta sake yin wani reshe. In saurayi yana toasting yarinya, to tsara ta yake yi, yana zuba mata daɗin baki, shi kuma sunansa "toaster", sunan da Bature ya sani na na'urar gasa burodi. Ma'anar ta yi kusa da ta 1700 ƙwarai, mace da yabo, sai dai a nan macen tana wurin kuma tana da bakin amsawa. A nan akwai tarkon da ya kamata malami ya tsare ɗalibansa daga gare shi, watau kamar da ke tsakanin toast da "toshi", kyautar da saurayi kan kai wa budurwa. Kamar sauti ce kawai, irin wadda kan ruɗi mai gaggawar neman asalin kalmomi. Toshi kalmar Hausa ce, ba ta bi ta Landan ba.

Matsalar fassara

Al'adar ta shigo Nijeriya tare da mulkin mallaka, ta zauna a liyafar hukuma da ta hafsoshi da kuma tsarin bikin auren 'yan boko, inda sau da yawa lemo ko ruwa ne a kofin. Mai fassara da ya ce shugabanni biyu "sun sha giya tare" ya yi kuskure biyu: ya ɗora wa mutum abin da mai yiwuwa bai sha ba, wanda a kunnen Musulmi ba ƙaramin zargi ba ne, ya kuma zubar da abin da labarin ke ɗauke da shi. Hausa ba ta da kalma guda da ta rufe duka, amma tana da kowane ɓangare. Abin da ake yi wa ango da amarya fatan alheri ne, sai a ce an ɗaga kofi an yi musu fatan alheri. Na shugaban ƙasa da baƙonsa jinjina ce. Na hafsoshi ga mai sarauta jaddada mubaya'a ne, kuma "Allah ya ja zamanin sarki" ya fi kowace fassara ta kalma da kalma kusa da shi. Abin da Jackson ya yi wa Calhoun a 1830 kuwa, duk da kofin da ke hannunsa, sunansa gugar zana.